Yadda Gogen Turawa Ya Raba Ni da Kujerata

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara sanar da ni zuwan ruwan sama ba, ni ne bakin Hausawa a nan Greensboro. Ba wanda ya naɗa ni, haka kawai abin ya zauna. Idan yaro ya yi faɗa a makaranta aka kira iyayensa, ni ake ɗauka. Idan mai gidan haya a titin Wendover ya ƙi gyara famfo, ni ake bugo wa. Idan za a nemi filin sallar Idi, ni ne a gaba da babbar riga. Dalilin bai ɓuya ba: na yi karatu a Jamus, na yi aiki a Jidda, na yi kasuwanci a Abijan, kuma duk inda na zauna sai na taho da harshen wurin. In mutane suka yi godiya nakan ce ai ba komai. To, da komai. Wannan kujera ta fi min naman rago daɗi.

Ban da kujerar, akwai abu guda da nake ganin ni kaɗai ne da shi a cikin mutanenmu. Gidan rediyon jama'a na yankinmu, irin wanda masu sauraro ke tallafa wa, yana sa kiɗan Turawa na da, wanda babu waƙa a cikinsa, sai goge manya da ƙanana da sarewa da fiyano. A Jamus na koyi jin sa. Lokacin sanyina na farko a can ina ɗan ƙaramin ɗaki, ban iya Jamusanci ba tukuna, duk tashar da na murɗo sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Tashar kiɗan nan ce kaɗai ba ta nemi in san harshen kowa ba. Nakan zauna kusa da ita da bargo, in ji kamar akwai mutum a ɗakin.

Mutum ɗaya na taɓa ba wannan labari, shi ne abokina, a hanyarmu ta zuwa McLeansville sayen ragon layya. Mutumin Damagaram ne, sa'ana, yana da tireloli kuma yana tura tsofaffin motoci gida. Ni Bakano ne, saboda haka ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Na gama ba shi labarin, ina jiran ya ɗan tausaya, sai ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon motar.

"Bakano, don Allah kashe muna gogen Turawan nan. Wa ya mutu?"

Wata safiya sai gidan rediyon ya sanar cewa zai cire kiɗan, ya sa labarai da hirarraki a madadinsa, wai matasa ba sa sauraro. Raina ya ɓaci, amma na ɗauka an gama, tunda hukuma ta faɗa. Ashe ban san mutanen garin ba. Kafin mako ya zagayo an buga wayoyi har ma'aikatan gidan sun gaji da ɗauka. Motoci suka fito da 'yan takardu manne a baya. Wata tsohuwar Baturiya daga Irving Park, unguwar masu kuɗi, siririya mai sanda, ta haɗa ƙungiyar masu sauraro, ta matsa har shugabannin gidan suka yarda a yi zaman sauraron jama'a.

A nan kishina ya fara, tun kafin ya sami wanda zai faɗa wa. Na tuna yadda rediyon garinmu ya bar sa masu kukuma da gurmi sannu a hankali, aka maye gurbinsu da tallan magani da waƙoƙin kwamfuta, kuma ban ji mutum ɗaya ya je ƙofar gidan rediyo ya ce me ya sa ba. Ni ma ban je ba. A Abijan na ga an yi zanga-zanga kan farashin shinkafa, a Jidda ban ga an yi ta kan komai ba, amma tsofaffi su fito da sanduna saboda goge, wannan sai a nan. Na ji haushinsu kamar yadda kake jin haushin maƙwabcin da 'ya'yansa ke zuwa gaishe shi kullum.

Na ce zan je in yi magana. Na zauna na tsara jawabi mai nauyi: tarihin wannan kiɗa, yadda ƙasashen da na zauna suke riƙe kayan gadonsu, da abin da al'umma ke rasawa in ta sayar da kunnenta ga surutu. Labarin ɗakina na Jamus ban sa shi ba. Dattijo ba ya tsayawa gaban baƙi ya ce ya taɓa yin kewa har ya rungumi rediyo.

Matata ta goge min farar shadda, tana ta murmushi. "Alhaji, goge za ka je karewa ko ɗaurin aure?"

Abokina da ya ji, ya ce lallai sai ya raka ni. "Babban mutum ba ya zuwa gaban hukuma shi kaɗai. Ko Bakano ne, a rufa mishi asiri."

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Zauren ya cika da furfura. Shugabannin gidan rediyon suna zaune a dogon tebur, a gabansu an kafa makirufo guda, kusa da shi kuma wata 'yar fitila. Tsohuwar nan ta yi bayani: kowa yana da ɗan lokaci kaɗan, fitila tana kore ka yi magana, in ta koma ja ka ba na bayanka wuri. Na ji ta sarai. Na zauna da Jamusawa, ba wanda zai koya min agogo. Amma a can cikin raina na ce wannan doka ta yara ce. In suka ga rigar nan da gemun nan, za su ɗaga ƙafa.

Da aka zo kaina na tashi, abokina ma ya tashi ya tsaya a bayana, kamar yadda ake yi wa babba in zai yi magana a gaban manya. Na fara da gaishe da shugaban gidan. Na gaishe da 'yan majalisarsa ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe da tsohuwar, na yaba ƙoƙarinta, na yi mata fatan ƙarin lafiya. Na tambayi jama'a iyali da gajiyar hanya. Abokina yana baya yana cewa, "Haka ne. Gaskiya ne," da Hausa, da ƙarfi. Na gode wa garin bisa karɓar baƙi. Na nemi afuwa cewa baƙo zai yi magana alhali masu gida suna zaune. Na gyara murya, na ɗaga takardata, na ce, "To, game da abin da ya tara mu..."

Fitila ta yi ja.

Shugaban ya yi murmushi mai kyau ƙwarai, ya ce sun gode da kalamaina masu daɗi. Aka ɗan tafa, irin tafin da ake yi wa yaro in ya gama karatun da ya haddace. A Kano ba a katse dattijo. A Jidda ma sai an kawo shayi an sake kawowa kafin a taɓo zance. Na tsaya riƙe da takarda kamar wanda mota ta tashi ta bari.

Na matsa gefe. Sai tsohuwar ta dubi abokina, wanda ke tsaye daidai inda mai jiran layi ke tsayawa, ta ce, "Bismillah, kai ne na gaba." Wato da nata harshen.

Ya waiga ya ga ko da wani a bayansa. Babu. Ya dube ni, na kau da kai. Sai ya matsa gaban makirufo, ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya fara da Turancinsa na gareji, wanda rabinsa Faransanci ne. Bai gaishe da kowa ba, tsoro ya mantar da shi. Ya ce shi bai san sunan ko ɗaya daga cikin makaɗan nan ba. Ya ce lokacin da ya zo ƙasar nan ba ya jin Turanci, duk tashar da ya murɗo sai ya ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya ce wannan tasha ce kaɗai ba ta tambaye shi takardar harshe ba, kuma in tana kunne sai ya ji kamar akwai mutum zaune kusa da shi. Ya ce, "In kun cire, baƙon da zai zo gobe, wa zai zauna da shi?" Ya koma gefe fitila tana kore.

Zauren ya tashi tsaye. Na ga wani ƙaton Bature yana share ido da bayan hannu. Tsohuwar ta bar sandarta ta kama hannun abokina da hannu biyu. Ni kuwa tsakuwata da kwanona nake ji suna yawo a zaure, an sa musu hular Damagaram.

A mota, da muka hau titin Wendover, na dube shi.

"Labarina ka ba su."

"Wane labari?"

"Har tsakuwar. Har kwanon."

Ya yi dariya har motar ta ɗan karkace. "To kai mi ka yi da shi? Shekara da shekaru yana ajiye kamar tsohuwar taya. Ka samu makirufo, ka tsaya tambayar Bature ya gajiya." Sannan ya ce, "Kwanon naka ne, na yarda. Amma wa ya ce maka kai kaɗai ka taɓa zama a ƙasar da ba ka jin bakinsu? Sa'ad da nake jan tirela, mi kake tsammani nake saurare daga nan har jihar Tenesi?"

"Kai da kake cewa wa ya mutu?"

"In na ce maka ina so, ai ka samu abin faɗi har kabari."

Wannan amsa ba ta sanyaya min rai ba, ƙara min zafi ta yi. Da ina da kiɗan ni kaɗai, yanzu shi ma sai mun raba.

Abin da ya biyo baya ya fi. Gidan rediyon ya ja da baya rabi: ya cire kiɗan rana, ya bar na safe. Ƙungiyar tsohuwar ta ce maganar abokina ce ta juya zaman. Aka gayyace shi shan shayi a Irving Park, unguwar da ni sai dai in ratsa ta da mota a hankali ina kallon bishiyoyi. Ya dawo yana ba ni labarin wani fiyano da ya kai girman akwalar mota. Sannan gidan rediyon ya naɗi muryarsa, ya riƙa sawa lokacin neman tallafin masu sauraro. Kowace safiya in na kunna don in ji kiɗana, sai na fara jin Badamagare yana zuba tsakuwata a kwano. Matata takan taho da kofin shayi daidai lokacin, ta ƙara murya.

"Alhaji, ga abokinka. Kai, Turancinsa ya gyaru fa."

"Bai gyaru ba. Sun yanke wuraren da ya yi kuskure ne."

"Ikon Allah. Kai kuma naka duka suka yanke."

A masallaci aka fara kiransa Alhaji na rediyo. Ban damu ba, ko in ce na yi kamar ban damu ba, har sai da maganar maƙabarta ta taso. Jama'armu suna neman a ware mana wani yanki na binne mamatanmu, kuma sai an je gaban hukumar gunduma. Irin wannan zama shekaru ni ke yin sa. Na fito da shadda, na jira waya. Wayar ba ta zo ba. Daga baya na ji limaminmu da kansa ya je garejin abokina, wai Turawa suna jin maganarsa.

Ana gobe zaman sai ga shi a ƙofar gidana, ya ƙi shigowa, yana wasa da makullin mota.

"Bakano, gobe za ka raka ni."

"Ai kai ne na rediyo."

"Bar wannan. Ni dogon tebur tsoro yake ba ni. Mu je da wuri, ka tare su a baranda kafin su zauna, ka gaishe su yadda ka iya, ka tambaye su iyali har su saki jiki. Can ba fitila. In an shiga ciki ni in faɗi abin da ya kawo mu."

Na so in ƙi. Amma maganar inda za a binne mu ce, ni da shi duka. Na je. Na gaishe su a baranda har wata mata a cikinsu ta ciro hoton jikarta ta nuna min. Aka shiga, ya yi magana gajeriya, aka ba mu filin. A masallaci aka yi masa addu'a da suna, ni kuma aka haɗa ni cikin "da duk waɗanda suka taimaka".

Haka muke har yau. Kujerar ta zama tasa, baranda tawa. Na daɗe ina juya abin, kuma iyakar abin da na gano shi ne harsunan da na tara sun koya min yadda ake shiga gaban manya a ƙasashe da yawa, amma ba su koya min in tsaya gaban mutane in ce na taɓa jin kewa ba. Shi ya faɗa, da aron kwanona, kuma aka ji shi. Ba zan ce muku kishin ya wuce ba, don kun san ni. Abokina ne, in ya yi rashin lafiya ni ke kai shi asibiti, kuma duk inda ya yi magana aka tafa ina tafawa. Sai dai matata ta ce komai girman taro tana gane tafina, don shi ke fara tsayawa.