Ranar da Babur ɗin Usta Badaru Ya Ƙi Tashi

Da asuba, bayan ya sallame sallah, Usta Badaru ya tsuguna a tsakar gidansa da ke unguwar Mayo yana shafa wa tankin babur ɗinsa baƙin mai da toka. Tankin ja ne, shi da hannunsa ya yi masa fenti bara. Ya shafa, ya barbaɗa ƙasa, ya ɗauki guduma ya lotsa shi a gefe biyu. Bai ji komai ba. Wata biyu ke nan da fara yaƙi a Khartum, kuma tun lokacin abubuwa faruwa kawai suke yi yana kallo, kamar gobara a wata unguwa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran babura a Mantiƙa Sinaiya, inda garejoji suke, har ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan, zangon ya zama kabari. Badaru bai gaji komai daga gare shi ba sai Hausa da taurin kai. A wurin aiki an san shi da abu biyu. In ya kwance inji, kowane noti sai ya goge shi, ya shafa masa giris, ya ƙulle shi a tsumma, ya jera su bi da bi yadda ya cire su. Sannan babur ɗin da ya fita daga hannunsa bugu ɗaya yake tashi. In ya kai bugu biyu, sai ya ce wa mai shi ya dawo gobe.

Garejinsa ya ƙone a sati na uku da fara yaƙin. Ya je ya gani, ya dawo, ya ce wa matarsa Kubra, "Ya ƙone." Sai ya nemi ruwan sha.

Kubra, ɓarin jikinta na hagu ya shanye shekara huɗu da suka wuce. Saboda ita ya sake wa babur ɗin fasali. Ya yanke kujerar baya, ya yi waldar wata mai majingini, da wurin ɗora ƙafar da ba ta motsi, da ɗamara ta tsohon bel ɗin mota. A kai yake kai ta asibiti, a kai take zuwa suna da ta'aziyya. Yanzu 'yarsu Wafa'a, da ke aure a Abeshe ta ƙasar Chadi, ta aiko su taho. Ta ce gidan yana bayan gari, rairayi har bakin ƙofa, asibiti kuma da nisa. Da ya ji haka sai ya sa wa sarƙar baya manyan haƙora saboda yashi, ya ƙara soso a matatar iska. In babur ɗin nan bai isa Abeshe ba, Kubra za ta ƙare kwanakinta a ɗaki ɗaya tana kallon rufi. Shi kuwa ba shi da bayan goya ta kuma.

Sai dai duk babur mai rai, masu bindiga ƙwacewa suke yi a shingayen hanya. Shi ya sa ya kwance shi don ya wuce a matsayin bola. Gangar jikin ya ɗaure a ƙarƙashin gadon igiya. Tayoyin suna cikin buhunan gawayi. Injin kuwa, ya buɗe gefensa ya zare magneto mai ba da wuta, ya yi ta yayyafa masa ruwan gishiri kwana uku har ya yi furu-furu, ya saka shi cikin babbar tukunyar biki.

Kubra tana kwance a tabarma tana kallonsa. Bakinta ya ɗan karkace, amma harshen lafiyarsa lau.

"Abu Wafa'a, notocin fa?"

"Suna nan."

"Ka watsa su a gwangwani yadda 'yan bola ke yi."

"Za su cakuɗe."

"To su cakuɗe mana. Ba kai ne usta ba?"

Ya riga ya yayyaga tsohuwar laffayarta, ya ƙulle su a ciki, layi-layi, ya tura a ƙasan jakar tufafi.

"Kai ko gawa aka ba ka wanka," in ji ta, "sai ka jera mata haƙora."

Da hantsi maƙwabcinsu Hazim ya zo da karo, keken jakin da yake dako da shi. Dattijo ne mai yawan surutu. Shi zai kai su kasuwar Suƙ Libiya a Omdurman, inda babbar motar da za ta bi hamada take lodi. Bayan la'asar za ta tashi, kuma ba ta jiran kowa. Suka ɗora gadon, suka kwantar da Kubra a kai. Badaru ya ja ƙofar gida, ya sa kwaɗo, ya tsaya yana kallon mabuɗin, sai ya miƙa wa Hazim.

Shinge na farko aka leƙa tukunya aka yi tsaki. Na biyu ba a ma leƙa ba. Na uku yana bakin gada. Wani dogo mai silifas, wanda sauran ke kira Mazin, ya rataya bindigarsa ya zo yana bubbuga kaya da ƙafa. Ya ga injin, Hazim ya ce bola ce, Mazin ya ɗaga kafaɗa. Har ya juya, sai ya tura hannu cikin jakar tufafi, ya jawo tsumman laffaya, ya warware shi a kan karo. Notoci suka bayyana, manya a gaba, ƙanana a baya, suna ƙyalli.

"Ya hajj," in ji shi da Larabci, "wane ɗan bola ne ke shafa wa noti giris? Shekara shida na yi ina tuƙa raksha mai taya uku, na san hannun usta." Ya nuna ƙasa da bakin bindiga. "Haɗa shi."

Badaru ya sauke kayan a gefen kwalta. Rana ta take. Bai yi tunanin komai ba, hannuwansa ne suka yi ta aikin da suka sani. Taya, sarƙa, inji, tanki, kujerar Kubra. Motoci suna wucewa, ana sauke mutane, ana mayar da su. Can nesa wani abu ya fashe, jakin Hazim ya girgiza kunne, babu wanda ya ɗaga kai.

Da ya zo kan magneto, ya kwance ƙullin da ke ɗauke da wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata, bai kai farce ba. Makulli ake ce masa. Shi ke riƙe magneto a wurinsa don wuta ta iso kan lokaci. Badaru ya sa shi a baki, yadda kowane makanike yake yi da ƙaramin abu in hannunsa ya cika. Mazin yana tsaye a kansa, bai ga abin kallo a ciki ba. Badaru ya tura shi da harshe tsakanin dasashi da kumatu. Ya ɗora magneto, ya gusa shi kamar faɗin yatsa biyu daga inda ya kamata, ya ɗaure tamau, ya rufe.

Aka kawo fetur a gora aka zuba.

"Buga."

Ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Bai taɓa sanin yadda bugu na uku yake a ƙafa ba, yau ya sani, har na goma. Mazin ya ture shi, ya duba mai, mai yana sauka. Ya kwance fulogi ya ɗora a jikin inji, wuta shuɗiya tana tartsatsi. Ya mayar, ya hau da kansa, ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga. A bugu na ƙarshe ƙarfen bugun ya dawo ya doke shi a ƙwauri. Abokansa da ke inuwa suka ƙyalƙyale da dariya.

Ya sauko yana ɗingishi. "Me ke damunsa?"

"Ya mutu," in ji Badaru, bai buɗe baki sosai ba.

Hazim, da tsoro ya sa bakinsa ya fi ƙarfinsa, ya fara cewa, "Wallahi abin mamaki, wannan fa Usta Badaru ne, duk Mantiƙa an san bugu ɗaya..."

"Usta na ina?" Muryar Kubra ce daga kan gado, da Larabcinta na kasuwa. "Ya waladi, shekara talatin ina gaya masa ya koma sayar da shayi. Mushen nan tun azumi bai tashi ba. Ya hana a zubar, ya hana ni ɗauko katifata saboda shi. Aikinsa ke nan, goge noti da jera noti. Laffayata ma bai bari ba. Don Allah ku karɓe shi, ku haɗa da mai shi!"

Na cikin inuwa suka sake fashewa, ɗaya har yana buga cinya. Mazin bai yi dariya ba. Ya dubi Badaru, ya ɗauke shi da mari a kumatun da makullin yake. Ƙarfen ya shiga nama. Badaru ya ji gishiri ya cika masa baki. Ya tsaya yadda yake, ya haɗiye yawun a hankali, ya bar ƙarfen.

Mazin ya cire batir da madubi, ya tokari babur ɗin ya faɗi. "Ɗauke mushenka."

Babu lokacin sake kwancewa, karo kuma ba zai ɗauke shi a haɗe ba. Badaru ya ɗaga shi ya kama turawa. Haka ya haye gadar, jaki a gaba, shi a baya, kogin Nilu a ƙasa yana tafiyarsa. Wani mai raksha da ya taɓa yi wa gyara ya wuce su, ya rage gudu, ya dubi babur ɗin, ya dubi mai tura shi, ya ƙara wuta. Hazim ya yi ta ba da haƙuri a hanya. Badaru ya ci gaba da turi, bakinsa a cike.

Ana kiran la'asar suka isa Suƙ Libiya. Motar ta kusa cika. Masu lodi suka ɗaga babur ɗin da igiya suka kwantar da shi a kan buhuna. Direban ya ce akwai shingaye da yawa a gaba, in babur ɗin yana tashi gara a sani tun yanzu. Badaru ya girgiza kai. Shi da Hazim suka ɗaga Kubra, suka jingina ta da tayar babur ɗin, suka gyara mata ƙafar.

Ta dubi kumatunsa da ya kumbura. Da Hausa ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Ka ji zafin abin da na faɗa?"

"A'a."

"Ƙarya kake."

"Katifar ce ban sani ba ko da gaske kike."

"Da gaske nake."

Direba ya danna hon. Hazim ya sauka ya tsaya riƙe da linzamin jakinsa, mabuɗin gidan yana aljihunsa. Daga nan ƙasa ya ga Usta Badaru ya juya wa mutane baya, ya tofa wani abu a tafin hannu, ya goge jinin da bakin riga. Ya kama gefen laffayar Kubra ta ɓangaren hannun da ke aiki, ya saka ɗan ƙarfen a ciki, ya yi ƙulli uku, ya ja ya ga bai kwance ba. Sannan ya ɗora hannunta a kai.