Jinin da muka ɗauka na mazantaka ne

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki na wannan shafi.

Sama da shekara talatin ina riƙe da wannan magana a ciki. 'Ya'yana ma sun san dai an taɓa yi mini aiki a mara, ba su san na mene ne ba. Yau zan faɗa.

Ni ɗan masunta ne, a Wara aka haife ni. Mu yaran bakin ruwa, in yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa cewa ake ya kama hanyar zama namiji. Wanda nasa bai zo ba har tsiya muke yi masa. Nawa ya zo ina ɗan shekara tara, na yi ta fankama. Tsargiya ce, amma wa ya ɗauke ta ciwo?

Na girma na zama malamin firamare a Yelwa, lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Ina da shekara talatin da shida jinin ya dawo, ba irin na da ba. Guda-guda yake fita, ga zafi, ga nauyi a mara. Kafin in gama darasi ɗaya na zaga sau biyu. Wanduna suka fara yi mini yawa.

Na je Wara na gaya wa Inna. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga kifin da take gyarawa.

"Mi za ka nema asibiti? Wanga abu kowane namiji na bakin ruwa shina yin shi. Ga yayanka nan, mi yas same shi?"

Yaya Ɗanjuma yana gefe yana ɗinkin taru, ya yi dariya ya ce riƙon alli ne ya mai da ni rago. Shi ma jinin bai taɓa barinsa ba.

Wata bakwai ina shan jiƙe-jiƙe. Matata Hajara ce ta gaji, ta ce in ban je asibiti ba, ita za ta je makaranta ta tona ni gaban hedimasta.

Aka gwada fitsari, aka ga ƙwan tsargiya, aka ba ni magani. Jini bai tsaya ba. Sai aka ba ni takarda zuwa Sakkwato.

Can aka zura wani siririn ƙarfe mai fitila aka leƙa mafitsara, aka ciro ɗan nama don bincike. Kwana goma sha biyu ina jiran sakamako.

"Malam, ciwon daji ne," in ji likita.

Na tambaye shi daga ina. Ya ce ƙwan tsargiya yana maƙalewa a bangon mafitsara ya yi ta yi masa rauni. Jiki kuwa gyara yake yi: ƙwayoyin halitta su rarrabu su cike wurin, gobe ya sake fashewa, su sake. Da ya ji ni ɗan masunta ne, sai ya ce kamar taru ne da ake ɗinke wa wuri ɗaya shekara da shekaru, wata rana sai an yi ƙulli ba daidai ba. Ƙwaya ɗaya ta lalace ta ƙi daina rarrabuwa, ta zama tsiro. In bai ratsa bango ba, za a yanke wurin in rayu. In ya ratsa ya bazu, sai abin da Allah ya yi. Kuma ba zai tabbatar ba sai an buɗe.

Na ji tsoro ƙwarai. Ƙaramar 'yata a lokacin ko tafiya ba ta fara ba.

Na sayar da babur ɗina, Hajara ta sayar da 'yan kunnenta. Malamai biyu abokan aikina suka ba da jini.

Da na farfaɗo, ga roba a jikina, ga jakar fitsari a gefen gado. Hajara ta sunkuyo ta ce bai ratsa ba. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba.

Sati biyar na yi a kwance. Bayan nan shekara biyar ina zarya a sake leƙawa.

Ga abin da ya hana ni magana. Da na koma Wara kunya ta sa na ce ƙaba aka yi mini aikinta. Ina namiji in ce an yanke mini mafitsara? Na roƙi Hajara ta rufa mini asiri.

Bayan shekara huɗu Yaya Ɗanjuma ya fara ramewa. Da na kai shi Sakkwato, nasa ya riga ya bazu. Likitan da ke duba ni ya yi zancen nawa aikin a gabansa. A mota muna dawowa ya dube ni.

"Ashe kai ma shi na? Don mi ba ka hwaɗi ba?"

Bai kai damina ba.

Na gode wa Allah da ya bar ni na aurar da ƙaramar 'yar tawa. Na gode wa Hajara, da likitoci da nas-nas, da waɗanda jininsu ke yawo a jikina.

Don Allah, jini a fitsari ciwo ne, ga yaro ko babba. Tsargiya tana da magani, a kai yara a gwada su, a kuma rage musu zama cikin ruwan da ba ya gudu. Babba in ya ga jini, ko ba zafi, ya je asibiti a satin. In an sha magani bai tsaya ba, a nemi a leƙa mafitsara. Wanda ya warke kuma ya faɗi sunan ciwonsa a gida.

Ajali na Allah ne, na sani. Amma Yaya ya tambaye ni ban ba shi amsa ba, kuma har yau ban da ita. Ku sa shi a addu'a.