Baba Kar-a-kashe

Kafin masu shara su gama da barandar gidan rediyon, ya riga ya zagaye ɗakunan. Ba ya zama. Shayinsa ma a tsaye yake sha, rabi a ɗakin labarai, rabi a sutudiyo, kofin kuma sai an tsinto masa shi a kan wata taga. Yana tafe yana taɓa bayan kowace kwamfuta kamar mai duba zazzaɓin yara, yana leƙa allo yana tsaki: "Wa ya bar shafukan nan a buɗe? Gadon gidanku ne?" Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Daga manaja har mai gadi, Baba Kar-a-kashe ake ce masa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Halin ma'aikatan ne ya raɗa masa sunan. Kwamfutocin gidan tsofaffi ne, ƙwaƙwalwarsu kaɗan, 'yan jarida kuwa ba sa rufe shafin intanet, kowa cewa yake zai dawo kansa anjima. Da kwamfuta ta sandare, hannu sai ya nufi soket. Daga ƙarshen baranda za ka jiyo shi a guje, takalmi na faɗuwa: "Kar a kashe! Kar a kashe!"

Bayaninsa ɗaya ne, har an haddace. "Ƙwaƙwalwar nan tebur ce. In tebur ya cika, sai ta riƙa kwasar kaya tana kaiwa sito, can cikin faifai, shi ake kira suwaf. Kai wannan, ɗauko wancan. Ba mutuwa ta yi ba, zirga-zirga ce ta hana ta amsa muku." Mai karanta labarai ya taɓa ce masa, "Ashe 'yar'uwarka ce, Baba." Bai tsaya jin dariyar ba, ya riga ya yi gaba.

Ranar da ba a mantawa, mai gabatar da shirin tsofaffin ma'aikata ta kawo mahaifinta, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda magana ta yi wa wuya tun da ɓarin jikinsa ya shanye. A ranar kuwa, bakinsa ya buɗe. Ya yi ta zuba labarin tashoshi, da damunar da ruwa ya cinye gada, da yadda ya fara ganin mahaifiyarta ta tagar jirgi. Aka mai da shi gida a gajiye. Ta juyo za ta adana hirar, allo ya tsaya cak. Ta danna nan, ta danna can, shiru. In aka kashe, muryar ta tafi ke nan.

Ga lokacin labarai ya matso, sutudiyon kuma shi ke nan guda. Mai karanta labarai na duba agogo. "Yi haƙuri, a kashe a kunna kawai, ya sake zuwa wata rana."

"Wace ranar?" in ji ta. "Ka san rabonsa da yin magana haka?"

Baba ya faɗo ɗakin, ya tokare soket da bayansa. "Duk wanda ya taɓa, ni da shi ne! 'Yata, zo ki ga." Ya nuna mata 'yar fitilar da ke ƙiftawa a gaban kwamfutar. "Tana numfashi. Muryar babanki na nan a sito. Ku je ku karanta labaranku daga ɗakin ajiya, makirufo ba ya zaɓen ɗaki."

Sai ya ja kujera ya zauna. Wannan ne ya fi tsorata mutane. Ya danna maɓallan da ke kai shi baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya jira. Ya buga harafi, ya jira ya fito. Ƙafarsa kaɗai ke karkarwa a ƙarƙashin tebur, ita kuma tana safa da marwa tana cizon gefen mayafi. Da ƙyar jerin abubuwan da ke cin ƙwaƙwalwa ya bayyana: burauza ce, manhajar shiga intanet, da shafukan da aka tara tun makon jiya. Ya rufe ta. Fitilar ta lafa, allo ya motsa.

"Adana! Adana kafin ki yi hamdala!"

Ta adana, suka saurari ƙarshen hirar. Sai ga muryar tsohon, a hankali: "To Auta, kashe abin nan haka, na gaji." Ɗakin ya fashe da dariya, ita tana yi da hawaye. Tsohon bai sake doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Duk 'ya'yansa yanzu suna da hirar a waya.

Baba, kai ne ka yi ta naci a ƙara wa kwamfutocin ƙwaƙwalwa, da aka ce ana dubawa ka ciro ta matattun kwamfutoci ka dasa wa masu rai. Kai ne ba a taɓa jin sunanka a iska ba, alhali da yawa daga abin da ya fita a iskar kai ka hana shi salwanta. Mun gode, Baba, Allah ya ba ka ikon zama wuri guda, ko da yake ba mu sa rai ba.

Ku da kuka rage, ku rufe shafukanku. In allo ya sandare, ku dubi 'yar fitilar nan kafin ku miƙa hannu. Daga wata mai zuwa, babu wanda zai taho a guje daga ƙarshen baranda.