Baraka Ɗan Tsakiya

A unguwar Nakkasa da ke Makka kowa ya san Baba Baraka, tsohon da ake kai wa rigima ya raba. Ni maƙwabciyarsa ce, kuma rabonsa bai taɓa gamsar da ni ba, don kullum hukuncinsa guda ne: kowa yana da gaskiya.

A Damagaram ya koyo wannan hali. Yana saurayi ya yi aikin direba a wurin wani Bafaranshe, ɗan wata ƙaramar jam'iyya da aka kafa a ƙasarsu bayan yaƙin duniya na biyu. Baba ya ce su ba 'yan hagu ba ne, ba 'yan dama ba. 'Yan kaɗan ne, amma duk mai son kafa gwamnati sai ya lallaɓa su, su kuma kowa su ce masa to. Har ranar da aka kira ƙuri'ar raba gardama, aka ce kowa ya faɗi i ko a'a, jam'iyyar ta dare gida biyu ta mutu. Baba kuwa ya biyo ta Cadi da Sudan zuwa Makka, da halin a ƙirjinsa.

Burinsa ɗaya ne a duniya, kada 'ya'yansa biyu, Awwalu da Sa'adiya, su rabu.

Da aka shafa jan fenti a bangonsa, alamar rusau, Awwalu ya ce su koma Damagaram. Sa'adiya ta ce ta kama ɗaki a unguwar Kudai, ubanta a Makka zai cika. Baba ya ce wa Awwalu to, ya ce wa Sa'adiya to. Na ce masa, "Baba, 'ya'ya fa ba gwamnati ba ne." Ya yi murmushi kawai, abin ya ba ni haushi.

Ranar tashi motoci biyu suka tsaya a gindin dutsen da gidansa yake kai. Awwalu da Sa'adiya kowannensu ya zaci ɗan'uwansa ne ya juya kan tsohon a ɓoye.

"Ya abuya, babana, faɗi da bakinka," in ji Sa'adiya. "Wa za ka bi?"

Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya ce, "Dukanku kuna da gaskiya."

"Halas, shi ke nan," in ji Awwalu. Ya shiga motarsa ko waiwaye bai yi ba.

Baba bai kai aikin hajjin shekarar ba, ya rasu a Kudai, a ɗakin Sa'adiya. Na tausaya masa, har yau kuma ina jin haushinsa. Sa'adiya ba ta kira yayanta ba. Ni na buga masa waya na gaya masa ubansa ya rasu.