Matta Ba Ya Sauya Mai Masauki

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Funtua ya san muryar Matta kafin ya san fuskarsa. Murya ce mai kauri, kamar ana jan buhu a kan siminti. Mutumin ƙasar Malumfashi ne, ɗan wani manomi da ya zama Kirista a hannun 'yan mishan, amma shi gona ba ta riƙe shi ba. Da ƙuruciya ya shigo Funtua yana dako, daga dako ya koma awo, daga awo ya zama dillali, har ya gina ɗakunan baƙi a gefen gidansa.

Aikin mai masauki ya fi dillanci nauyi. Falke ya zo daga nesa, kai ne shimfiɗarsa, kai ne tuwonsa, kai ne idonsa a kasuwa. In aka cuce shi, kai aka cuta. Shi kuma ba ya tsallake ƙofarka ya sauka a gidan wani, don in ya yi haka, kasuwa duka za ta ce ka ci amanarsa. Matta ya riƙe wannan ƙa'ida yadda ya riƙe Dokoki Goma.

Babban baƙonsa shi ne Alhaji Shitu, Bahaushen zangon Kwatano, wanda ke zuwa duk kaka sayen busasshen barkono da waken soya. Alhaji na kiransa Fasto, ko da yake Matta bai taɓa wa'azi ba. Shi kuma yana ramawa da kiransa Liman.

"Fasto, barkonon nan naka baftisma aka yi masa? Na ji shi da danshi."

"Alwala ya yi, Liman. Ya san hannunka zai shiga."

A cikin wannan hayaniya Rahab, 'yar Matta ta biyu, ta tashi. Tun tana sakandare take damun baƙin babanta da tambaya: me ya sa waken soyar Funtua sai ya bi hannu bayan hannu kafin ya hau jirgin ruwa, kuma wa ke cin ribar tsakani? Karatun kasuwanci take so. A lokacin yayanta Saviour na zaune a gida, yajin aikin malaman jami'a ya dawo da shi har ya fara kiwon kaji. Matta ya ce Rahab ba za ta yi irin wannan zama ba, ƙasar waje za ta.

Rahab ba ta yi wasa ba. Ta yi ta bincike a waya, ta tambayi tsofaffin malamanta, ta nemi wata tsohuwar jami'a a Ghana, suka kuwa ɗauke ta. Ta zo da murna ta zayyana wa babanta darussan da za ta yi. Ya saurara har ta gama.

"To, wa muka sani a can?"

"Baba, makaranta ce fa. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai."

"Ban tambaye ki ɗaki ba. In zazzaɓi ya kayar da ke, wa zai kai ki asibiti? In aka taka ki, ƙofar wa za ki buga?"

"Akwai ofishin da ke kula da baƙin ɗalibai."

"Ofis yana dama kunu?"

A gabanta ya kira Kwatano. "Liman, akwai jami'ar koyon kasuwanci a garinku?"

"Akwai wata nan bayan layinmu," in ji Alhaji. "Kullum ina ganin yaran Nijeriya suna shige da fice. Na ji ma da Turanci suke karatu, ba Faransanci ba."

"Shi ke nan. Rahab baƙuwarka ce."

Maganar zaɓen jami'a ta ƙare ke nan, ko shayin da ke gaban Matta bai huce ba.

Alhaji Shitu ya riƙe amana, wannan babu mai musu. Ɗaki ɗaya Rahab ta kwana da 'yarsa Nana. Duk Lahadi sai ya sa an kai ta coci an dawo da ita, matarsa Hajiya kuma ba ta taɓa raba musu kwano ba. Amma da Rahab ta zo hutun Kirsimeti na farko, ta sami babanta yana duba ɗinkin buhuna, ta durƙusa.

"Baba, makarantar nan hawa ɗaya ce a saman shagon tayoyi. Mutumin da ke koya mana lissafin kuɗi, shi ke koya dokar ciniki, shi ne kuma magatakarda. Akwai waɗanda ban taɓa gani a aji ba, sun zo sun karɓi digiri sun tafi. In na sake neman ta Ghana, ina jin za su ɗauke ni."

Matta ya ajiye basilla. "Alhaji ya yi miki wani abu?"

"A'a."

"Hajiya ta hana ki abinci?"

"Baba, har ƙiba na yi."

"To da wane baki zan ce masa na ɗauke ki? Shi ya nuna makarantar nan. In na cire ki, na ce masa ya jefa 'yata a rami ke nan. Ba a sauya mai masauki, Rahab."

Matarsa Elizabeth ta leƙo daga madafa. "Baban Saviour, yarinyar nan fa ba buhun barkono ba ce."

"Shi ya sa ban damƙa ta ga wanda ban sani ba."

Rahab ta koma. Abin da ba a koya mata a aji ba, ta nema da kanta a littattafai da waya, da zama a shagon Alhaji. Ta gama, aka ɗauki hoto da rigar digiri, Alhaji a dama, Matta a hagu, kowa baki har kunne.

Sai da ta je Abuja tantance takardu don bautar ƙasa aka gaya mata cewa ba a amince da makarantar ba, digirin ba zai yi mata aiki ba. Daga tashar mota ta kira babanta, yana tsakiyar awo. 'Yan dako sun ce ran nan suka fara jin Matta yana magana sai mutum ya matso kafin ya ji.

Da kaka ta yi, Alhaji ya sauka kamar kullum. Matta ya riga ya gargaɗi gidan kada wanda ya tayar da zancen, baƙo ba ya cin tuwo da baƙin ciki. Amma labari ya riga shi isa Kwatano. Bayan Alhaji ya yi la'asar, suka zauna a rumfar ƙofar gida.

"Fasto, yau babu wasa a bakina. Tun watan farko na leƙa makarantar nan, raina bai kwanta ba. Na ce wa Hajiya ko shagona ya fi ta tsari."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"Na ce ku mutanen mishan kun fi mu sanin boko. Kun bincika kun zaɓa, wane ni in kushe zaɓin mai masaukina?"

"Ni na zaɓa? Ai kai ka ce..."

"Ka tambaye ni akwai, na ce akwai. Da ka tambaye ni tana da kyau, da na ce ban sani ba, mu tambayi masu sani. Da ka ce a sauya mata, wallahi da ni zan kai ta Ghana da motata."

 A nan suka lura Rahab na tsaye da tire, ba su san tun yaushe ba. Ta durƙusa ta ajiye musu kunun gyaɗa.

"Baba Alhaji, sannu da hanya. Baba, ga naka, ban sa suga ba." Ta ɗauki tirenta. "Kun ga, a cikinku babu wanda ya kunyata wani. Ni dai ce na yi asarar shekarun."

Ta miƙe ta shige gida, ko labule ba ta fizga ba. Kunun ya huce a gabansu.

Ghana ta yi nisa yanzu. Naira ta faɗi, ƙarfin Matta ma ba kamar da ba. Rahab ta sake zama jarrabawar shiga jami'a tare da ƙannen ƙawayenta, ta sami gurbi a Zariya, ajin farko, inda 'yan ajinsu za su riƙa ce mata Anti. Alhaji Shitu bai daina sauka a gidan ba, sai dai barkono ya daina baftisma, ya daina alwala. Su auna, su ɗinke, su loda.

Ran da za ta tafi, Matta ya raka ta tasha, shi ya ɗauki akwatin a ka kamar zamanin dako. Da ta shiga mota, ya sunkuyo ta taga yana gyaran murya. Ta riga shi.

"Baba, don Allah, kada ka nema mini mai masauki."

"Wa ya ce zan nema?"

Motar ta tashi. Ya tsaya har ta ɓace, sannan ya ciro waya ya kira wani dillalin masara a Samaru, unguwar da jami'ar take, wanda tun makon jiya matarsa ta share wa Rahab ɗaki ta shimfiɗa sabuwar leda. Ya daɗe yana ba shi haƙuri.