Yadda Aka Shafa wa Lungunmu Kore

Ni tun ina ƙarama Allah ya ɗora mini cutar tambaya. Baba yakan ce da a ce ana biyan mai tambaya, da tuni na kai shi Makka. To a kakar zaɓen shugaban ƙasa da ta wuce, tambayar da ta hana ni sakat a kan kwatar lungunmu take.

Gidanmu yana Jakara, a wani lungu da in mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Ina aure a Ƙofar Na'isa, ina koyarwa a firamare, amma tun rasuwar Inna kusan kullum in an tashi sai na biya na duba Baba. Kwatar da ke bin gindin zaurensa ta daɗe da toshewa, ruwa yana kwanciya yana cin katangar. Zauren na ƙasa ne, kakanmu ya gina shi, a ciki Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinkin hula, a ciki kuma yake wuni har yanzu. Magini ya duba ya ce in ba a fasa kwatar an zuba siminti tun daga bakin titi ba, katangar nan ba za ta ga ƙarshen damina ba. Aikin kuwa ya fi ƙarfin mutanen lungu.

Ana cikin haka kamfe ya kankama. Kowa ya san yadda ’yan takara suke rububin Kano, yau wannan ya zo, jibi wancan. Wata rana ina cikin gida sai wani mutum ya yi sallama, da ’yar kwamfutarsa a hannu, ya ce daga ofishin kamfen ɗin ɗan takarar su Baba yake. Baba ne dattijon lungu, shi ke magana da yawun kowa. Ina daga bayan ƙofa ina ji.

"Baba, wa mutanen nan za su zaɓa?"

"Kai ma ka ga fastocin da ke bango," in ji Baba. "Mu naku ne tun kafin a haife ka."

"Akwai abin da kuke buƙata?"

"Alhamdulillahi. Ba ma buƙatar komai sai addu'a."

Mutumin ya danna wani abu, ya yi godiya, ya tafi abinsa. Na fito kamar zan yi kuka. "Haba Baba! Kwatar fa?" Ya dube ni kamar na yi ashar. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa kika taɓa gani an yi masa tayi ya miƙa hannu tun karon farko? Ai sai ya sake tambaya." Haka muka tashi a cikin birni. In an ce bismilla ka ce alhamdulillahi, sai an sake tayi sannan ka sa hannu. Baba ya zauna jiran tayi na biyu, shi kuwa mutumin akwati ɗaya kwamfutarsa ta ba shi ya cike.

Ba a yi wata guda ba muka ga tifa tana juye yashi a lungun bayanmu. Aka yi musu kwata, aka shimfiɗa musu bulo, har da rijiyar burtsatse. Ikon Allah! Mutanen da duk unguwa ta san ba su da alƙibla, gida ɗaya ka tarar da fastar mutum uku. Mu kuwa aka aiko mana da ƙarin fasta. Haushi na ji, ba ƙarya, amma abin da ya fi haushin shi ne ina so in san wace irin ƙwaƙwalwa ce ke yin wannan lissafi. Ranar Asabar na ɗauki mayafina na tafi ofishin nasu da ke wajen Ƙofar Ruwa.

Na yi sa'a na sami mutumin. Bai ɓoye mini komai ba, kamar ma daɗi ya ji da aka tambaye shi. Ya nuna mini taswirar birni a bango, an bi ta lungu-lungu da launi uku. "Malama, kore namu ne, ko mun zo ko ba mu zo ba. Masu baƙin launi na abokan hamayya ne, ko me muka kashe asara ce. Ruwan ɗorawar nan su ne masu lilo, ba su tsaya wa kowa ba, nan ake zuba komai." Ya ce haka ake yi wa jihohi ma: ɗan takara zai kwana uku a jihar da ke lilo, jihar da ke mutuwar sonsa kuwa ya ɗaga mata hannu daga filin jirgi. Na tuna na taɓa ji a rediyo haka ake yi a Amurka, har na yi musu dariya. Na matsa kusa na nemo lungunmu. Ga shi nan, ɗan siriri, kore shar.

Na ce, "Wato ladan wanda ya so ku ke nan?"

Can ya ce, "Ranar Laraba zan sake zagayowa. In dattijon ya ce mini ko da 'muna shawara' ne, zan canza launin. Amma sai na ji daga bakinsa."

Kwana uku ina fama da Baba. Na ce kalma biyu ce. Na ce ba wanda ya hana shi dangwala wa wanda yake so ranar zaɓe. Na ja shi na nuna masa tsagar katangar da hannuna ke shiga. Daga ƙarshe ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na ɗauka na ci nasara.

Ranar Laraba mutumin ya zo bayan azahar. Na laɓe a inda na saba. Ya yi tambayar a hankali, yana ba Baba hanya: "Baba, na ji an ce mutanen lungun nan sun fara shawara?" Sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Yaro, ba za ka rubuta ƙarya da sunana ba. Mu naku ne. Amma tunda ka sake tambaya, kwatarmu ta toshe."

Baba ya jira tayi na biyu, ya faɗi buƙatarsa yadda aka koya masa, bai kuma yi ƙarya ba. Mutumin ya ce zai kai maganar gaba, kuma na yarda ya kai. Amma launin bai canza ba, tifa ba ta zo ba.

Aka yi zaɓe, Baba ya bi layi da sandarsa ya dangwala wa mutuminsa. Damina ta sauka. Wata la'asar, yana masallaci, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar ta zube cikin kwatar da fastocinta duka. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Da na iso na same shi tsaye a bakin ɓaraguzan, yana riƙe da katakon da yake ɗora hula, duk ya yi caɓo.

Sai ya juyo. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana mini tsiyar yawan tambaya, ranar shi ya yi mini tambaya.

"Uwata, da na ce muna shawara, da gaske da sun zo?"

Na ce, "Da sun zo, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya goge katakon da bakin rigarsa. Ya ce in shiga in ɗauko masa tabarma, a ƙofar gida zai zauna.