Ja'afaru Sai-Gobe da Motar da Ba Ta Dawo Ba

A tashar motar Kafanchan, in ka ce kana neman Ja'afaru, za a tambaye ka wanne. In ka ce Sai-Gobe kuwa, ko mai rake zai nuna maka farar bas ɗin nan mai tsagaggen gilashi da ke bin hanyar Gwantu. Ɗaliban kwalejin Gidan Waya ne suka laƙaba masa sunan, wai duk wanda ya shiga motarsa yau, sai gobe zai isa. Sharrin ɗalibai ne, amma ba duka ba ne sharri, don akwai mai rantsuwa cewa ya ga mai keke ya wuce shi a gangare. Tsofaffin mata masu ƙwai da jarkokin manja su kam layinsa suke jira, ko da rana za ta gasa su.

Yaran tasha na yanzu sun ɗauka haka aka haife shi. Ina! A da, in Ja'afaru ya taka mota, kaji ma sun san su bar titi.

A wancan zamani, ranar kasuwar Gwantu ba a cika mota a tasha. Fasinjan yana bakin hanya, ƙauye bayan ƙauye, da buhun citta da doya da akuya a ɗaure. Motar da ke gaba ita ke kwashe su, ta baya sai ta tarar da ɓawon gyaɗa. Saboda haka tsere ake yi, tsere na gaske, kuma ba wanda yake ganin laifin abin. Mutum biyu ne suka gagari kowa: Ja'afaru, da abokinsa Silvanus, mutumin Zonkwa mai shuɗiyar bas. A tasha kwano ɗaya suke sa hannu. A titi kuwa ba sani ba sabo. Duk wanda ya sha gaban wani sai ya fito da hannu ta taga ya kaɗa yatsu, wato sai ka zo.

Da daminar 1987, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, suka kai gangaren nan da ke gaba da Gidan Waya, inda titi ke lanƙwasa ga kwari mai zurfi a gefe. Silvanus ya shigo ta hagu ya wuce, hannu a waje, yatsu na kaɗawa. Ja'afaru yana dariya yana zaginsa. Titi ya lanƙwasa, shuɗiyar mota ba ta lanƙwasa ba. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne cikinta a sama, tayoyi na juyawa a iska. An fito da 'yan fasinjojin da karaya. Silvanus kam sitiyari ya riga ya danne masa ƙirji, ya bar matarsa Bernice da yaro ƙarami mai suna Kumai.

Tun daga ranar ƙafar Ja'afaru ta ƙi totur. Ba rantsuwa ya yi ba, ba kuma wani malami ne ya yi masa wa'azi ba. Ƙafar ce kawai take tsayawa a rabin hanya, ko ya so ko bai so ba. Tsoro ya shige shi ya yi zamansa, shi kuma bai taɓa jin kunyar abin ba.

Ɗa namiji guda Allah ya ba shi, Saifullahi, kuma ya yi duk dabarar da uba zai yi don ya raba shi da mota. Ya kai shi wajen tela, ya gudu. Ya kai shi wajen mai gyaran rediyo, ya gudu. A bayan idonsa direbobin tasha suka koya wa yaron tuƙi, har suna zuwa yi masa albishir: "Ja'afaru, ɗan nan naka yana da hannu!" Duk sanda ya ji haka sai ya kau da kai, don da kalmar nan ake yabon Silvanus.

Sai kuma idanu suka fara cin amanarsa. Yanar ido ta fara rufe na dama, ta lallaɓo na hagu. Ya ɓoye, yana tuƙi da sanin hanya, don ya san kowane rami kamar yadda ya san tsakar gidansa. Ran nan, wajen 1998, ya hango wani farin abu a gaba ya ɗauka hayaƙin ƙona daji ne. Sai da fasinja suka yi salati ya taka birki, ashe shanun Fulani ne ke tsallaka titi. Da ya dawo gida matarsa Rabi'a, wadda labari ya riga shi isa wajenta, ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, motar nan ita ke ciyar da mu, idonka kuma ya gaji. Ko ka ba Saifu makulli, ko ka ba bare. Amma kai kam ka gama."

Bai ci tuwon ba. Washegari da la'asar ya tafi neman yaron, don ya dube shi da kyau kafin ya yanke magana.

Ba wuyar samu gare shi ba. A shekarun nan wani abu ya shigo gari da ake kira gem, kuma inda aka fi taruwa shi ne shagon Bernice a bayan layin dogo. Lemo da ƙanƙara take sayarwa, sai ƙanenta ya kawo mata na'urar daga kudu, aka jona da talabijin, samari suka mayar da wurin gida. Ja'afaru ya daɗe yana gaishe ta daga bakin ƙofa, bai taɓa shiga ba. Ran nan ya shiga. Ya tarar da ita a kan kujera ta juya wa talabijin baya, tana tsince wake.

"Maman Kumai, ina wuni?"

"Baban Saifu, yau kai ne a ciki? Shiga, yaronka na nan. Tun rana suna musu, kaina har ya fara ciwo."

Sai da ya matsa har kusa da gilashin kafin ya gane abin da ake kallo. Wasu 'yan motoci ne, ba rufi ba ƙofa, direbobin kansu ya fi motar girma, suna tsere a kan titi mai launi kamar alewa. Ba fasinja, ba kaya, ba inda za su. Samari huɗu na riƙe da abin sarrafawa, sauran na tsaye a kansu, kowa da bakinsa. Musun kuwa a kan kaset biyu ne na wasan, tsoho da sabo.

Wani dogo da ake kira Tagwai, ɗan makarantar sakandare, shi ne lauyan sabo. "Abeg ku bar maganan tsoho! Tsoho mutum biyu kawai ke bugawa, motan kuma kamar yana tafiya a kan tabarma. Sabo akwai dutse, akwai gada. Ko kana baya za a ba ka abin da za ka harbi na gaba. Kowa na da chans."

"Shi ne ya lalata shi," in ji Kumai, ɗan Bernice, wanda ya zama saurayi mai fuskar ubansa sak. "Mutum ya sha wahala ya zo gaba, wani da bai iya komai ba ya jefe shi daga baya? A tsoho ba a tausayin kowa. In ka faɗi, ka faɗi, kowa zai wuce ka. Wancan ne gem. Kuma abin da Saifu ke yi a kan dutse wuru-wuru ne."

"Iyawa ce!" Saifullahi ya faɗa, idonsa a kan talabijin. Sai ya waiga ya ga ubansa, ya yi tsuru-tsuru.

Tagwai bai san dawan garin ba, ya tafa hannu. "Yauwa! Ga direba na gaske. Baba, kai za ka raba mu. Saifu, nuna mishi."

Ja'afaru ya so ya ce a bari, amma sun riga shi. Aka sa titin dutse. Saifu ya nuna masa tasa motar, ja ce, tana can baya. Hannun yaron ya burge shi, ba zai yi ƙarya ba: yana shiga kwana a natse, yana fita a natse. Zuciyarsa har ta fara kwanciya. Sai titin ya fara gangara, ga kwana a gaba, ga rami a gefe. Sauran motocin suka rage gudu suka lanƙwasa. Jar motar ta ƙara wuta, ta miƙe sak, ta bar titi.

Ya ga cikinta a sama.

Gefen Saifu na gilashin ya yi baƙi. Kafin mutum ya haɗiye yawu, sai ga jar motar a kan titin ƙasa, lafiya lau, a gaban kowa. Shago ya kaure da ihu. Saifullahi ya saki hannu ɗaya ya ɗaga sama ya kaɗa wa abokansa yatsu, irin na 'yan tasha.

Ja'afaru ya ja da baya. Ya dafa akwatin lemo ya zauna a kai, gumi na tsattsafo masa, kunnensa na jin ƙarar da ya yi shekaru yana gudu. Yaron ya juyo yana murmushi, yana jiran yabo.

"Baba, ka gani? In ka faɗa daidai wurin nan, gaba ake ajiye ka. Faɗuwa ba komai ba ce, ana dawo da mutum."

"Baba, wuru-wuru ne ko iyawa?" in ji Tagwai.

Bernice ce ta yi magana, ba ta ko waiga ba, hannunta na cikin wake. "Baban Saifu, yanzu ka ga abin da ya sa nake ba shi baya. Tun da aka kawo abin nan, sau ɗaya na kalla."

Da safe Ja'afaru ya tashi ɗansa ya ce ya shiga mota. Bai bi ta tasha ba, bai ɗauki kowa ba. Suka fita gari a irin tafiyarsa, masu acaɓa na wuce su suna ɗaga masa hannu. Saifu ya ɗauka faɗa za a yi masa a kan gem, ya shirya amsoshinsa tsaf, amma uban tuƙinsa kawai yake yi har suka wuce Gidan Waya. A saman gangaren ya gyara fakin, ya kashe mota, ya kama hannun yaron suka taka zuwa bakin kwarin. Shekara da shekaru yana wuce wurin nan da kansa a juye, yau kuma da ya zo dubawa, idon ya ƙi. Kore kawai yake gani, a dame.

"Duba ƙasa. Me ka gani?"

"Ciyawa, Baba. Da duwatsu." Yaron ya ƙara leƙawa. "Akwai wani ƙarfe. Kamar tsohuwar mota ce, an kwashe komai, saura ƙashin. Bishiya ma ta fito ta inda gilashi yake."

"Wane launi?"

"Tsatsa ce. Amma akwai sauran shuɗi a gefe."

"To zauna mu jira."

"Mu jira me?"

"A dawo da ita."

Saifu ya yi 'yar dariya, ya dubi ubansa, dariyar ta maƙale. Ja'afaru ya zauna a kan dutse ya harɗe hannu kamar mai jiran layi a tasha. Yaron ma ya zauna. Rana ta ɗaga. Wata tirela ta gangaro tana kuka da birki, ƙasa na rawa a ƙarƙashinsu, iskarta ta kaɗa musu riga. Motar kasuwa ta wuce a guje, wata na bin ta a baya, kwandasta na dukan ƙofa. Duk motar da ta shigo kwanar sai Saifu ya bi tayoyinta da ido, ya ga ɗan abin da ya rage tsakaninsu da baki. Tun yana satar kallon ubansa har ya daina, ya koma kallon ƙarfen nan da ke ƙasa.

Can Ja'afaru ya ce, "Uban Kumai ne. Ya fi ni hannu, ya fi ka. Ina bayansa, ya ɗaga mini yatsu kamar yadda ka yi jiya. Tun ran nan nake jira."

Ya miƙe da ƙyar, ya lalubi aljihu, ya kamo hannun ɗansa ya sa masa makulli. Shi kuma ya zagaya ya shiga gefen fasinja, kujerar da bai taɓa zama a kai ba a motarsa. Ya san yau ya miƙa wa titin nan abin da ya fi so a duniya, kuma ya san titin.

Saifullahi ya shigo ya rufe ƙofa. Ja'afaru bai iya ganin fuskarsa sosai, sai ya kasa kunne. Ya ji makulli na ƙwanƙwasar ƙarfe, ƙas, ƙas, ƙas, yana neman rami yana kuskurewa. Hannun da ake yabo a tasha rawa yake yi.

Bai taɓa zaton akwai ranar da zai ji daɗin tsoron ɗansa ba, amma ya ji, har idonsa ya kawo ruwa. Mota ta tashi, ta gangara a hankali, aka taka birki tun kwana na nesa. Wani ɗan acaɓa ya wuce su yana ihu, "Sai-Gobe!" Ja'afaru ya ji ƙafar yaron ta motsa a kan totur, ta tsaya. Ya dafe gaban mota da hannu biyu, ƙafarsa na danna birkin da babu shi, leɓɓansa na motsi. Addu'a yake yi wadda bai taɓa jin wani uba ya yi wa ɗansa ba: "Ya Allah, kada ka cire masa tsoron nan."